Wadda Aka Yanke Daga Hoton Sallah

Shafi na 23

Na ga ƙorafinku, jama'a. Wuta aka ɗauke mana, ba jan aji ba ne. Ke kuma 'yar'uwa da kika yi alƙawarin kwanon fanken koesister in Oemie ta sharara wa Wardah mari, ki ci kayanki. Oemie ba ta mari. Da tana yi, da abin ya zo da sauƙi.

* * *

Hantsin Alhamis, ranar da za a buɗe nunin, Wardah tana saman tsani da ƙusa a baki, tana daidaita gefen farin ƙyallen da ya cinye mata shekara guda.

Ƙyallen ya fi ƙofa tsawo. A jikinsa ta buga hoton Sallah na gidansu, wanda aka ɗauka a District Six tun katafilar gwamnatin wariyar launin fata ba ta share unguwar ba. Tsoho zaune da jar dara, matarsa a gefe, 'yan mata biyu tsaye a baya. Ɗaya Oemie ce, kakarta, tana budurwa. Ɗayar kuwa ita ce duk maganar.

A hoton da ya shekara hamsin a falon Oemie, rami ne a wurin. An sa almakashi an ƙwaƙule mutum ɗaya tsaf, daga kai har ƙugu. Tun Wardah tana ƙarama in ta tambaya, amsa ɗaya ce: gara ce ta ci. Gara mai almakashi, in ji Kawu Cassiem, amma ba ya faɗa sai Oemie ta shiga banɗaki.

Sai bara, cikin kwalayen wani tsohon mai hoto da aka jibge a ɗakin ajiya, Wardah ta tono fim ɗin hoton na asali. Ta wanke. Ga budurwa fara sol tana dariya, hannunta a kafaɗar Oemie.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta buga, ta rataye, ta ɗora a waya tana gayyatar duniya. Shi kuma mai ramin ta ɗauko shi daga bangon falo da sunan za ta sauya masa gilashi, ga shi nan rataye kusa da ƙyallen.

Nomvuyo, mai gidan nunin, ta leƙo da waya a hannu.

"Baturiyar nan ta sake kira."

Wardah ta zare ƙusar daga baki.

"Wace?"

"Kin fi ni sani. Wadda ta ce ko nawa ne za ta biya."

"Ba kin ba ta amsa ba?"

"Na ba ta. Da bakinki, ban rage ɗigo ba. Danginmu ba na sayarwa ba ne."

"To me kuma?"

"Wancan karon ai na gaya miki, ta ce mahaifiyarta ce kwance ba lafiya, ita ke son ganin hoton."

"Ni kuma na ce Allah ya ba ta lafiya. Kowa da uwarsa, 'yar'uwa. Sun ƙwace unguwa, yanzu kuma hoton unguwar suke so su rataye a saman kujerar falo, ya dace da labule."

"Yau dai ba ta yi zancen kuɗi ba. Ta ce tana tafe."

"Ta zo ta sha shayi kamar kowa."

Gaskiya Wardah ta ji daɗin maganar nan tun ranar da ta fara yin ta. Ta maimaita wa ƙawaye, an tafa mata. Magana in ta yi daɗi a baki, mai ita ba ya tsayawa duba inda ta faɗa.

A-kori-kurar Kawu Cassiem ce ta katse su. Duk unguwar Woodstock ba mai irin tarinta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi atishawa, ta mutu.

Wardah ta leƙa, sai ta ga wadda ke fitowa daga motar.

Oemie Galiema, wadda 'yan unguwa ke kira Tietie Liema, wato Yaya Liema, ba ta fita yawo. Asibiti, masallaci, gidan rasuwa, shi ke nan. Ita ke wankan gawar mata a Hanover Park tun kafin a haifi uwar Wardah, kuma duk wanda ya gan ta a ƙofarsa da baƙar jakar nan ya san an yi rashi. Yau ga ta, ga jaka, iskar kudu tana fizgar mayafinta.

Kawu Cassiem ya riga ta shigowa, hannuwa sama.

"Ni direba ne. Ban ji ba, ban gani ba. In za a yi yanka a jira in koma mota."

"Salamu alaikum," in ji Oemie.

Ba Wardah ta kalla ba. Ƙyallen take kallo.

Wardah ta sauko, ta sumbaci hannunta.

"Oemie ta zo da wuri. Sai yamma ake buɗewa. Na so Oemie ta gan shi da fitilu."

"Na gan shi. A wayar maƙwabciya na gan shi, ina cikin soya albasa. Ta ce, Tietie Liema, ba ke ce wannan ba? Wace ce kyakkyawar nan ta kusa da ke?"

"Na so in ba Oemie mamaki ne."

"Kin ba ni."

Ta tako a hankali har gaban ƙyallen. Ba fuskar ta taɓa ba. Gefen ta kama, ta murza tsakanin yatsu, kamar mai tayin yadi. Sannan ta kai hanci.

Ta daɗe a haka.

"Daga ina kika samo wannan?"

Wardah ta kawar da kai.

"Akwatin Oemie."

"Wane waje a akwatin?"

"Can ƙasa. Na ga Oemie tana da su da yawa. Shi ya fi tsufa, ya yi ruwan madara, ya fi karɓar hoto. Kuma ma'anar ke nan, Oemie. Unguwa ta mutu ba a yi mata sutura ba, shi ya sa na ce bari in..."

"Cassiem, kujera."

Kawu ya jawo kujerar roba da gudu. Oemie ta zauna, ta ɗora jakar a cinya.

"Na sama na mutane ne. Duk wadda ta rasu ba ta da shi, a nan nake ciro mata. Biyun ƙasa daga Makka na zo da su. Da hannuna na tsoma su a zamzam, na shanya a rufin masauki, ina korar tattabaru. Ɗaya nawa."

"Ɗayan fa?"

Oemie ta ɗaga haɓa, ta nuna budurwar da ke dariya.

"Nata."

Nomvuyo ta ja baya a hankali, ta koma bayan teburinta.

"Sauko da shi," in ji Oemie.

"Oemie..."

"Sauko da shi kafin mutane su zo."

"An gayyaci jama'a. 'Yan jarida na tafe. Shi ne zuciyar nunin, in na cire shi sauran tarkace ne. Aƙalla Oemie ta gaya min wace ce. Shekara talatin ina kallon rami!"

"Kin ji ko, Cassiem? Ta gaji da kallon rami. Shekara talatin."

"Ni direba ne, Mama."

"Kai ma zauna. Kai ma ba ka sani ba."

Kawu Cassiem, mai jikoki uku, ya nemi gefen akwatin katako ya zauna kamar ɗan makaranta.

"Sunanta Rugaya. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Nono na saki ta kama."

"Mama tana da ƙanwa?" in ji Kawu.

"Ka ce kai direba ne. Yi shiru."

Ta gyara zaman jakar.

"Allah ya yi ta fara. Gidanmu haka yake, tukunya ɗaya, kowa da kalar da ya fito. Ta samu aiki a wani kanti cikin gari, tana sayar da turare. Mai kantin ya ɗauka Baturiya ce. Ita kuma ba ta gyara masa ba. Da farko dariya muke yi. Ta dawo da yamma ta kwaikwayi maganarsu, har Abba sai ya murmusa."

"Sai me?"

"Sai wani ya gan ta. Ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ma ba ta gyara masa ba."

Iska ta bugi ƙofar gilashi, ƙyallen ya motsa.

"Ta je ofishin gwamnati, inda ake tantance launin fata. Suka soka mata fensir a gashi, ya zame ya faɗi ƙasa. Shi ke nan, ta zama Baturiya, da kati da hatimi. Ni da an soka min, sai an kira makaniki ya ciro."

Kawu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

"Abba ya ce ta mutu. Ya ce kar a sake kiran sunanta a gidansa. Ranar da za ta tafi, bayan la'asar, ta same ni a bayan gida ina kwashe shanya. Ta ce, Tietie Liema, hoton Sallah. Ko mutum ɗaya a dangin mijin ya gan shi, aurenta ya zama laifi a dokarsu. Kurkuku. In ta haihu, 'ya'yan ma a sauya musu kati."

"Don haka Oemie ce garar."

"Ni ce. Da almakashin ɗinkin Mama. Na yanke a hankali don kar in taɓa mata kunne. Na ba ta guntun, ta sa a rigar mama."

Wardah ta kalli ƙaramin hoton. Tun tana yarinya ta ɗauka ƙiyayya ce ta yi ramin nan. Har a takardar bango ta rubuta haka, da manyan baƙaƙe, cewa gida ma yakan kori nasa. Yanzu ta lura da abin da idonta ya tsallake shekara da shekaru: yadda almakashin ya bi gefen kunne a lallaɓe.

"Ko sunan mijin ba ta gaya min ba. Ta ce abin da ban sani ba, ɗan sanda ba zai tatsa a bakina ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta riƙe min hannu, ta ce, Tietie, zan rayu a cikinsu, amma kar ki bari in mutu a hannunsu. Ke za ki wanke ni. Ke za ki naɗe ni."

Ta shafa baƙar jakar.

"Ni a lokacin ko mushen kyanwa ba na iya kallo. Kin zaci sha'awa ce ta kai ni wankan gawa? Sati bai zagayo ba na je wurin tsohuwar da ke yi a unguwa, na ce ta koya min. Na yi amai, na suma, na dawo. Duk macen da na wanke a garin nan, gwaji nake yi."

Kawu Cassiem ya cire hula, ya rasa abin da zai yi da ita, ya mayar.

"Oemie ba ta sake ganinta ba?"

"Sau ɗaya. A titin Adderley. Ina da cikin wannan sarkin surutun. Na hango ta tafe tana tura keken jariri, wata tsohuwar Baturiya a gefenta."

"Oemie ta yi mata magana?"

"Ke 'yar yau ce. A zamaninmu kowa ya san abin yi. In ka hango naka da ya tsallaka, sai ka juya ka kalli gilashin kanti har ya wuce. Ladabi ne. Kar idonku ya haɗu, fuska ta tona shi."

"Sai Oemie ta juya."

"Na juya. Takalman maza ne a kantin. Na tsaya ina kallon takalman maza kamar zan saya. A cikin gilashin na gan ta ta wuce ta bayana. Ta rage tafiya. Ta gyara wa jaririyar hula, ta ɗan karkato keken don in gani."

Oemie ta shafa jakar da ke cinyarta. 

"Da na juyo. Sau dubu na ce da na juyo. Me za su yi min? Amma a lokacin gani nake alheri na yi mata."

Wardah ta durƙusa a gabanta. Tausayi ya cika ta, amma taurin kan gidan bai bar ta ba. A wurin Oemie ta gada.

"Oemie, dokar nan ta mutu tun ina cikin zani. Su suka rushe, su suka raba, mu kuma mu taya su ɓoyewa har yau? Wannan aikin nawa ke nan. In ba mu nuna ba, an share mu sau biyu."

"Doka ta mutu. Kunya ba ta mutu ba."

"Me ya hana ta neman Oemie bayan nan?"

"Ta neme ni a ina? Gidan babu, titin babu. Ciyawa ce. Sun kwashe mu sun zuba a yashi, suka sa wa yashin sunan titinmu don mu ji sanyi. Ni ban san sunanta na yanzu ba, ita ba ta san nawa na aure ba."

"To ga hanya! Wataƙila ta gani a waya."

"Wataƙila 'ya'yanta su gani. Jaririyar nan yanzu ta yi furfura, ba ta san ko ita wace ce ba. Uwarta ce za ta gaya mata, a ɗaki, ƙofa rufe. Ba bangon Woodstock ba, mutane na cin samosa suna ɗaukar hoto. Na yanke ta don in rufa mata asiri, ke kin buɗe, kin kuma buɗe a kan likkafaninta. Da me zan naɗe ta yanzu? Da fuskar Abba?"

 Wardah ta yi karatu har ƙasar waje a kan yadda ake tono abin da aka binne. Ba wanda ya taɓa koya mata ta fara tambayar wanda ya binne.

Ta miƙe, ta kama tsani.

Ƙofar gilashi ta buɗe.

Mace ce doguwa, ta haura hamsin, gashi ya soma fari, an yanke shi iya wuya. Baƙar riga, babbar jaka a rungume a ƙirji. Ta tsaya tana ƙifta ido kamar wadda ta shigo daga rana.

"Ku yi haƙuri. Na san ba a buɗe ba. Sunana Lynette. Ni ce nake ta kira."

Wardah ta buɗe baki za ta ce a dawo da yamma. Sai ta ga abin da Oemie ta yi.

Oemie ta kalli matar sau ɗaya. Goshin, da yadda kunnen hagu ya ɗan fito. Sai ta miƙe tsaye, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta juya baya, ta ƙura wa gilashin wani zane ido. Zanen bututun ruwa ne. Ta tsaya tana kallonsa kamar za ta saya.

"Mama," in ji Kawu a hankali. "Mama, an daina."

Ba ta juyo ba.

Matar ba ta lura ba. Idonta na kan ƙyallen. Ta tako har gabansa, ta rufe baki da hannu. Sannan ta ga ƙaramin hoton mai rami. Ta buɗe jaka, ta ciro 'yar ƙaramar jakar kwalliya, ta zaro wani abu da bai fi ɗan yatsa ba.

Ta ɗora shi a kan gilashin, daidai ramin.

Ya zauna cif. Har gefen kunnen.

"A cikin gwangwanin hodarta na same shi, ƙarƙashin madubi," ta ce. "Mahaifiyata ce. Ruth."

"Rugaya," in ji Oemie, fuskarta na kallon bango.

"Na'am?"

Sai a lokacin ta juyo. Ta tako, ta kama fuskar matar da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, kamar mai duba jaririn da aka miƙo mata.

"Hularki ruwan hoda ce," ta ce. "Mai kunnen zomo."

Lynette ba ta gane ba, amma ta fashe da kuka.

Nomvuyo ta kawo kujera da ruwa. Matar ta zauna, jakar na rungume har yanzu.

"Ban san komai ba. Wallahi... haka kuke cewa, ko? Ita ma haka ta riƙa cewa a asibiti. Mu dai ta ce mana marainiya ce, daga wani ƙauye can arewa. Duk shekara sai ta sa na kai ta filin nan na District Six, a gindin dutse. Ta fita ta tsaya cikin ciyawa. Wani lokaci ta taka har ƙofar masallacin da ya rage, ta tsaya, ta dawo mota. Na ɗauka teku take son hange."

"Ba ta shiga ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Wawuya," in ji Oemie, hawaye na bin kumatunta. "Da ta tambayi ko mai shara. Wa bai san Galiema mai wanka ba?"

"Watan jiya jini ya buge ta, gefe ɗaya ya mutu, magana ta karye. Ina zaune kusa da ita ina duba waya, hoton nan ya fito. Ta fizge wayar da hannun da ya rage. Ta yi ta cewa Tietie Liema, Tietie Liema. Na ɗauka hoton take so. Ban san mutum take kira ba."

"Ni ce."

"Daga nan ta daina Turanci gaba ɗaya. Afirkanci take yi, yaren garin nan, amma wani iri da ban taɓa ji a bakinta ba. Da wasu kalmomi, tana ta maimaitawa, ta ɗaga yatsa ɗaya. La ila... ila..."

"La'ilaha illallah," in ji Kawu Cassiem.

"Shi ne! Mene ne ma'anarsa?"

Oemie ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ma'anarsa ta san hanyar gida."

Sai ta share fuska da gefen mayafi, ta zama Oemien da kowa ya sani. Shekara hamsin tana shiga gidajen mutane, ta san baƙar riga, ta san idon da ya kwana uku yana kuka. Ba ta tambaya ko ta rasu ba.

"Tana ina? Asibiti ko gidan ajiye gawa?"

"Anti..."

"Ba komai, ko ina ne za su ba mu. Na saba da su. Cassiem, tashi. Ka je gida, can ƙasan akwati, akwai ɗaya da ya rage. Ka ɗauko."

"Mama, wannan ai naki ne."

"Ni kowane yadi ya ishe ni. Ka biya wurin liman, ka ce a haƙa kusa da kabarin mahaifiyarmu in da wuri. Kafur da sabulu suna jakata. Wardah, ke za ki zuba min ruwa. Yau za ki koyi abin da ake yi da farin ƙyalle."

"Anti, don Allah."

"Kar ki ji tsoro, 'yata. Ba za mu hana ku kuka ba. Ke ma za ki shiga, ke za ki riƙe mata kai. In an yi sauri, kafin magariba..."

Lynette ta zuge babbar jakar.

Ta ciro ɗan akwatin katako mai sheƙi. Bai fi gwangwanin shayi ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta rasa wa za ta miƙa wa.

"Laraba ta wancan makon ta rasu. Ran Litinin aka ƙona gawar, tokarta ce a ciki. Haka muke yi a gidanmu, haka aka yi wa Babana. Sai jiya na buɗe gwangwanin hodar. Na yi niyyar in kai ta filin nan in watsa, sai na ce bari in fara tambaya ko akwai wanda..."



Oemie ta sa hannu ta karɓa. Ta ɗaga shi kaɗan, ta sauke, kamar mai auna abu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zauna. Ta ture baƙar jakar daga cinya, jakar ta faɗi, kafur ya gangaro ƙasa. Ta ɗora akwatin a wurin.

"Cassiem."

"Na'am, Mama."

"Ta ina ake fara wanke wannan?"

Kawu Cassiem ya juya ya kifa kai a bango, kafaɗunsa na rawa.

Wardah tana tsaye riƙe da tsani. Tun da matar ta ce "ni ce nake ta kira" take ta tuna amsar da ta aika mata. Lissafin kwanaki take yi ba da son ranta ba, kuma duk ta inda ta biyo, wuri ɗaya yake kai ta. Ta roƙi Allah a zuci matar ta yi shiru. Ta roƙa da gaske.

"Kwana tara ta yi tana kallon ƙofa," in ji Lynette. "Duk wanda ya shigo sai ta ɗaga kai. Da kun zo..."

"Da na sani, 'yata, da rarrafe zan zo. Wa ya gaya min?"

"Na kira, Anti. Tana da rai na kira. Lambar da ke ƙasan hoton. Na ce mahaifiyata ce ba lafiya, ko a bar ni in yi magana da mai zanen minti ɗaya."

Oemie ta ɗago.

"Sai aka ce me?"

"Aka ce mai zanen ta ce a gaya min, danginsu ba na sayarwa ba ne."

Nomvuyo ta sunkuyar da kai.

Oemie ta ɗora tafin hannu a kan murfin akwatin. Ba ta kalli Lynette ba, ba ta kalli Nomvuyo ba. Ta juyo a hankali.

"Wardah. Bakin wa ke nan?"